Sun gano ciwon Zaki, amma daren nan bai fita raina ba

Wata biyar muna ɗura wa Zaki maganin farfaɗiya a banza. Karen gadinmu ne, Jaman shefad, shekararsa 9. Da asuba kafin ya ci komai, ko in ya bi yara da gudu, sai ƙafafun baya su saki, ya zube yana karkarwa. Da na gaji na kai shi asibitin dabbobin nan na hanyar Bukuru, wanda masu karnuka a Jos duk sun sani.

Wata matashiyar likita muka tarar, har na raina ta a zuciya. Tambaya ɗaya ta yi: "Alhaji, in ya ci abinci yana farfaɗowa?" Na ce ƙwarai. Ta ɗauko irin na'urar da masu ciwon suga ke gwadawa, ta tsaga kunnensa kaɗan, sai ga 38. Ta ce in suga ya yi ƙasa da 60 alhali insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, na sama, ƙari mai suna insulinoma ake zargi a pankiriyas, wato sashen cikin da ke samar da insulin, yana ta zubo insulin ba ƙaƙƙautawa. Gwajin jini da hoto suka gaskata ta. Ba ta ɓoye mini komai ba: yawancinsu mugun ƙari ne, yakan haura hanta, tiyata na ƙara kwana ne kawai, amma ta fi magani zalla nisa. Ita ta koya wa uwargida shafa masa zuma a dasashi in ya faɗi, da raba abincinsa kashi biyar a rana. A ranar har addu'a na yi mata.

Sai dai kwana uku bayan tiyata, ƙarfe ɗayan dare, Zaki ya dinga amai, ciki a ɗaure. Lambar gaggawar da suka rubuta mini da hannunsu na kira sau goma sha ɗaya. Shiru. Da gari ya waye aka ce pankiriyas ne ya kumbura, wai an saba gani bayan irin aikin. To in an saba, me ya hana a faɗa mini tun a sallama? Kuma suka caje ni kuɗin gado kamar ni na jawo.

Maƙwabcina har yau dariya yake, wai kare ake wa tiyata. Wata 14 ke nan, Zaki na shan prednisolone, maganin da ke ɗaga masa suga, yana haushi a ƙofa, sai dai ya daina gudu. Likitar nan zan sake nema. Lambarta ta kanta na karɓa.