Fim ɗin Oscar ko wanda ya kwashi kuɗi a silima?

Kullum sai an tambaye ni wai in mutum zai ƙona data ɗinsa, fim ɗin da ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, zai sauke ko wanda ya fi kawo kuɗi? To a da can ana yawan haɗa biyun, Titanic na 1997 ya ɗauki Oscar 11 kuma ya kwashi kuɗi, amma yanzu sun raba hanya sosai. A 2010 The Hurt Locker ya doke Avatar a Oscar alhali ko dala miliyan 50 bai haɗa ba, shi kuwa Avatar ya haura biliyan 2, sai jefi-jefi irin Oppenheimer da ya ci a 2024 kuma ya kusa biliyan 1.

Wajen sauƙin kallo na kasuwa, wato mai kawo kuɗin, ya fi, ko ba ka jin Turanci za ka bi labarin, faɗa ne da gudu, amma wallahi in a waya za ka kalla rabin daɗin ya tafi don babban allo aka yi wa shi. Na Oscar kuwa hira ce ta yi yawa, sai ka nutsu kana bin rubutun ƙasa, kuma a kula, da yawansu ba na kallo da yara ba ne. Sai dai ni su ne suka fi zama min a rai, bayan shekaru ina tuna maganganunsu.

In hutawa kake so da iyali bayan aiki, ɗauki na kasuwa. In kana son rubutun labari ko kana sha'awar harkar fim, na Oscar ne naka.