Hostal ko ɗakin haya a gari: wanne ya fi wa sabon ɗalibi a ƙaramar kwaleji?

Wani ɗan uwa ya tambaya cewa ƙanensa ya samu gurbin NCE, wato karatun shaidar malanta, a Kwalejin Ilimi ta Gumel, yaro ne mai son shiga mutane da buga ƙwallo, shin a nema masa gado a hostal ko a kama masa ɗaki a cikin gari? Malam, a shekarar farko hostal ya fi masa. Wannan amsa ta shafi ire-iren makarantun nan duka, ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta ce, ko ta Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko ta Ilimi ta Tarayya da ke Bichi.

Dalili shi ne lokaci. A ƙaramar kwaleji duk wata harkar ɗalibai tsakanin la'asar da isha take gudana. Lakca kan ƙare wajen ƙarfe huɗu, a yi sallah, sai fili ya cika. Kafin magariba za a buga ƙwallo, 'yan Man O' War su yi fareti, masu wasan kwaikwayo su yi gwaji a wani aji da babu kowa. Bayan magariba kuma ta'alimin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa tun 1954, ɗalibai Kirista su ma suna da taron ƙungiyarsu ta FCS. Ɗan hostal takalmi kawai zai canza ya fito. Ɗan gari kuwa ya wuni tun safe, yunwa ta kama shi, sai ya ce bari ya je ya dafa abinci ya dawo. Da wuya ya dawo, domin dawowar kuɗin acaɓa ne zuwa da komowa, kuma a garuruwan nan abin hawa yana yin wuya da zarar duhu ya yi.

Ga mai son ƙwallo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana zaɓen 'yan wasan kwaleji ne daga gasar da ake yi tsakanin sassa, daga nan a fitar da waɗanda za su je NICEGA, gasar kwalejojin ilimi ta ƙasa, ko NIPOGA idan kwalejin fasaha ce. Koci yana ɗaukar fuskar da yake gani kullum a atisaye. Wanda yake zuwa yau ya ɓace gobe, ko ya fi kowa iya taka leda, benci zai zauna. Haka siyasar SUG, wato ƙungiyar ɗaliban makaranta, da ta ƙungiyoyin ɗaliban jiha irin su NAJISS ta 'yan Jigawa da NAKSS ta 'yan Kano: kamfe ɗaki-ɗaki ake yin sa da daddare, wanda ba ya kwana a ciki sai dai ya ji sakamako.

Amma a wajen kallon ƙwallo ɗan gari ne da riba. Wasannin gasar zakarun Turai na daren Talata da Laraba suna farawa ƙarfe tara agogon Najeriya a lokacin hunturu, ƙarfe takwas daga ƙarshen Maris zuwa Oktoba. Wasan ƙarfe tara sai wajen sha ɗaya saura yake tashi. Idan ɗakin hutun ɗalibai ba shi da janareta ko kuɗin dish ya ƙare, sai gidan kallo na gari, ga kuma dokar rufe ƙofa. Nan ne yara suke koyon tsallake katanga, kuma wanda aka kama gaban kwamitin ladabtarwa zai tsaya. Ku sa yaron ya karanta littafin dokokin ɗalibai da ake bayarwa lokacin rajista, ya san ƙarfe nawa ake kulle ƙofa, don kowace makaranta da nata.

Abinci kusan kunnen doki ne. A hostal an hana hita da murhun lantarki saboda gobara da ƙonewar waya, don haka sai risho ko ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, a inda aka yarda da ita. Abin da ke rufa wa ɗalibai asiri shi ne girkin haɗaka: mutum uku ko huɗu, wannan ya kawo kwanon shinkafa, wancan wake, wani mai da yaji, a yi garau-garau. Yana lalacewa ne idan ba a yi ƙa'ida tun ranar farko ba, wa zai dafa, wa zai wanke tukunya, baƙo nawa mutum zai iya gayyata. Kayan abincin da aka yi lissafin wata guda sai su ƙare a sati biyu saboda 'yan "a ci lafiya". A gari mutum yana da ikon tukunyarsa, sai dai ruwa saye yake a wajen 'yan garuwa, kuma jarka ɗaya mai lita 25 ba ta wuce wanka da girki da alwalar wuni guda, ban da wanki.

Inda hostal yake da aibi na gaske shi ne cunkoso. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu ko shida sai ka iske an ninka, saboda kowa ya ajiye abokinsa da bai samu gado ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a wannan yanki, lokacin sanƙarau ke nan, kuma cunkoso da rashin iska ne suke yaɗa shi. A bar tagogi a buɗe, a yi rigakafi idan an samu, wanda ya ji zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti nan take. Sai kuɗin cizo, sai satar waya a wurin caji. Akwatin ƙarfe da kwaɗo mai kyau, gidan sauro, bokiti biyu da fitila mai caji da rana sun fi sabon kaya amfani.

Ɗakin haya yana ba da natsuwa da sirri, yana kuma haɗa ɗalibi da mutanen gari: majalisar ƙofar gida, teburin mai shayi, ɗaurin aure, cin kasuwa. Daga Gumel ana zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, 'yan Dambatta kuma Lahadi ce tasu, kuma ɗalibai da dama a nan suke samun na sabulu. Sai dai unguwa tana da ido. Ɗakin samari da ake kiɗa har dare, ko mata suke shiga, ba a daɗe ba maganar ta kai ga mai unguwa ko Hisba, mai gida ya ba da notis a tsakiyar zango. Kuma babu mai tashin ka lakcar ƙarfe takwas. Makarantu da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa, ɗan gari ne ya fi faɗawa wannan rami.

In da mace ce ake tambaya a kai, hostal ba tare da dogon tunani ba, sai fa idan akwai gidan dangi na jiki a garin.

Wajen kuɗi kada a kwatanta kuɗin gado da kuɗin haya kawai. A ɗora wa hayar kuɗin acaɓa na kwana biyar a mako, ruwa, wuta, katifa da labule, sannan a tuna haya ta shekara ake biya alhali hutu yana cin watanni. Idan yaron ya gama shekarar farko ya san gari, ya san abokan da za su iya zama ɗaki ɗaya ba rigima, sai su haɗa kuɗi su biyu ko uku su kama kusa da ƙofar makaranta, inda za a iya takawa da ƙafa cikin minti goma. NCE shekara uku ce, kuma akwai zangon koyon koyarwa da za a tura shi wata makaranta, wataƙila a wani gari, don haka kada a biya hayar wannan shekarar sai an ga inda aka tura shi. Gado kuwa yana ƙarewa da wuri, a biya kuɗinsa rana ɗaya da kuɗin rajista, a karɓi rasit a ajiye.