Gargaɗi: Kada ku kira lambar da ta fito muku a fuskar kwamfuta

Jama'a, salamu alaikum. Ina da ɗan shago a nan Garwa, wajen unguwar Yelwa, ina buga takardu da fotokofi, ina kuma taɓa gyaran kwamfuta. Abin da ya sami kawuna ranar Talatar da ta wuce shi ya sa na zauna rubuta wannan, don shi ne na huɗu da ya shigo mini da irin wannan kuka tun bayan ƙaramar salla.

Kawu hatsi da gyaɗa yake saye yana turawa kudu, duk lissafinsa kuma yana cikin kwamfutar. Da dare ɗansa ya ɗauke ta ya kalli ƙwallo a shafukan nan na kyauta. Da safe Kawu ya buɗe, ko minti biyar bai yi ba sai fuskar ta cika da ja da shuɗi, ga ƙara kamar jiniyar motar asibiti, ga muryar mace da Faransanci tana ta nanata cewa an gano ƙwayoyin cuta biyar, kada a kashe kwamfutar, in ba haka ba komai zai goge. A sama tambarin Microsoft, a ƙasa lambar waya da manyan baƙaƙe.

Ya kira. Wani mai sanyin murya ya ɗauka, ya kwantar masa da hankali, ya sa shi ya sauke wata manhaja mai suna AnyDesk, ya karanto masa lambobin da suka fito. Daga nan Kawu ya ga kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai kamar mai iskoki. Mutumin ya buɗe masa wani wuri cike da alamomi ja da rawaya, ya ce kowace ɗaya ɓarawo ce. Kuɗin magani sefa 35,000, a tura ta waya. Kawu ya taka zuwa wajen mai tura kuɗi na bakin titi ya tura. Sai da aka ce ya ƙaro 50,000 na "kariyar shekara uku" sannan jikinsa ya ba shi, ya rungumo kwamfutar ya hau mashin ya zo.

"Ɗana, duba mini abin nan. Likitan Microsoft ya ce ciwon ya yi nisa."

Na ce, "Kawu, wa ya ba ku lambarsa?"

Ya ce, "Ita kwamfutar da kanta mana."

To, nan ne duk damfarar take. Ba kwamfutar ce ta yi magana ba. Shafin intanet ne kawai ya buɗe a cikin Chrome, ya baje ya rufe fuskar duka don kada a ga maɓallin rufewa. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa cikin kwamfutarka ya ƙirga cuta. Layin nan da kake gani yana tafiya kamar ana bincike, zane ne, duk wanda ya faɗa shafin ƙwayoyi biyar ɗin zai gani, ko da yau aka ciro kwamfutarsa daga kwali. Kamfanin Microsoft da kansa ya sha faɗa cewa saƙonninsa na gaskiya ba sa ɗauke da lambar waya, kuma ba ya kiran kowa haka kawai don gyara. Har wani abin dariya: shafin ya rubuta wa Kawu cewa yana Duwala. Daga adireshin intanet suke cankar gari, namu kuwa sau da yawa can kudu yake nunawa. Alamomin ja da rawayan nan kuma littafin da Windows ke ajiye ƙananan kurakuranta ne, ana ce masa Observateur d'événements, babu kwamfutar da za ka buɗe ka rasa su, har lafiyayya. Ita AnyDesk ba ta da laifi, mu ma masu gyara muna aiki da ita. Sai dai wanda ka karanta wa lambarta, ka miƙa masa makullin ɗakinka ne.

In abin ya fito maka, kada ka taɓa komai a cikinsa, ko da wurin da aka rubuta "Annuler" ne ko ɗan gicciyen da suka zana, don sau da yawa shi ma tarko ne. Danne maɓallin Échap (wato Esc) na ɗan lokaci, ko ka danna F11, fuskar za ta koma yadda take. In ya ƙi, haɗa Alt da F4. In ya yi taurin kai, haɗa Ctrl da Maj (wato Shift) da Échap, Gestionnaire des tâches zai buɗe, ka zaɓi Chrome ka danna "Fin de tâche". In duk ka rikice, danne maɓallin kunnawa har ta mutu, babu abin da ka riga ka adana da zai goge. Sai dai a kula: in ka sake buɗe Chrome zai tambaye ka ko ya maido shafukan da suka rufe. Kada ka danna "Restaurer", in ba haka ba ka dawo da jiniyar da hannunka.

Akwai wani iri da ya fi wannan naci, shi ne ƙananan saƙonnin da ke ɓullowa a kusurwar ƙasa ta dama, da tambarin manhajojin kariya irin su McAfee ko Norton, wai kariyarka ta ƙare. Mutum bai taɓa sayen ko ɗaya ba, amma ana ce masa ya sabunta. Asalinsa wata rana ce wani shafi ya ce danna "Autoriser" don ka nuna kai ba na'ura ba ne, ko don bidiyo ya fara, kai kuma ka danna. Izinin turo maka saƙo ka bayar ke nan. Magani: shiga Paramètres na Chrome, Confidentialité et sécurité, Paramètres des sites, Notifications, ka cire duk sunan da ba ka gane ba. A kwamfutar Kawu na tarar da goma sha ɗaya. Daga nan ka leƙa Extensions, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, abin da ba kai ka sa ba ka yi waje da shi.

Bari in faɗi wadda ba za ta yi wa wasu abokan sana'ata daɗi ba. Yawancin tallace-tallacen da ke addabar kwamfutocinmu ba daga nesa suka zo ba, daga kilen USB ɗin masu gyara suke. Ka kai a sa maka Office ko Photoshop na sata a kan sefa 2,000, manhajar fasa makullin ta shigo da 'yan rakiya. Bayan wata ɗaya shafin farko ya canza, talla na buɗe kanta, sai ka koma wajen mutumin nan ɗai ya sayar maka da "antibirus", shi ma na sata. Ai wannan kura ce da fatar akuya. Alhali Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu mai gadin, Microsoft Defender, kyauta. Shiga Sécurité Windows ka sa ya yi Analyse complète. Don kwashe tallace-tallace kuma akwai AdwCleaner na Malwarebytes, shi ma kyauta ne, amma daga shafinsu kaɗai za ka sauke. Masu riƙe da Windows 7 kuwa, tun Janairun 2020 aka daina ɗinke mata ɓaraka, Windows 10 ma tallafinta na kowa da kowa ya ƙare a Oktoban 2025.

Wanda ya riga ya ba su hanya kamar Kawu, abu na farko ya yanke intanet. A cire AnyDesk ko TeamViewer, duk wadda suka sa shi ya sauke. A canza kalmomin sirri na imel da Facebook da banki, amma daga wata na'urar, ba daga waccan ba. Ni dai na kwashe masa takardun lissafinsa na sake zuba Windows daga tushe, don ban yarda da abin da aka bari a ciki ba. A ajiye saƙon tura kuɗin da lambar da aka tura wa, a kai wa kamfanin wayar da wuri, a kuma shigar da ƙara wajen 'yan sanda ko jandarma. Kamaru na da dokar laifukan intanet tun Disambar 2010, hukumar ANTIC mai kula da tsaron intanet ma tana karɓar irin wannan koke. Mun kai namu. Ban yi wa Kawu alkawarin kuɗin zai dawo ba.

Shekaranjiya yana zaune a shagona wayarsa ta yi ƙara. Su ne. Wai an yi kuskure, za a maido masa kuɗinsa, ya buɗe kwamfutar kawai su shiga su cike takarda. Wannan shi ne zagaye na biyu, wanda suka taɓa ci shi suke komawa. Kawu har ya fara gyara zama. Na karɓi wayar na ce da Hausa, "Malam, a wace unguwa ofishinku yake, mu zo mu karɓa hannu da hannu?" Aka yi shiru, sai ƙit, aka kashe.