Garejin da ya gano ciwon Prelude ɗina ba a sauke inji ba

Jama'a bari in ba ku labarin wani gareji a Kaduna, don na san akwai masu riƙe da tsofaffin motocin gudu irina da ake ta ce musu a sauke inji. Motata Honda Prelude ce ta 1994, mai injin H22A ɗin nan 2.2 VTEC, kusan wata biyu tana min misin in tana silo, sitiyari na rawa a hannu, in ka taka ta a hanyar Zariya kuma ƙarfin nan da na sani babu shi. Na canja filogi, na canja wayoyin filogi, an wanke nozul, duk a banza. Bakanike na farko ko geji bai ɗauko ba, kunne kawai ya kara ya ce ringi ne, a sauke inji a kai bulok a gurza. Nan hankalina ya tashi, domin bangon silindar H22A ba irin na sauran motoci ba ne, FRM ake ce masa, haɗin almuniyam ne da zare, ba ko wane mai injin gurza ne ya san yadda ake taɓa shi ba, in aka ɓata shi shikenan sai neman wani bulok.

Wani abokina ne ya kai ni wajen wani dattijo. Na gaishe shi na fara zuba bayani, ya ce "Alhaji dakata, bari motar ta faɗa da bakinta." Ya bar injin ya yi zafi tukuna, ya cire filogi huɗun gaba ɗaya, ya cire soket ɗin distiributa da fiyus na mai don kar ta kama, ya ɗaura gejin kwamfireshan a ramin filogi, ya sa yaronsa ya danne totur har ƙasa yana ba ta kik. Silinda ta ɗaya 190, ta biyu 185, ta huɗu 190, ta uku kuwa allurar da ƙyar ta hau 95, a bayan kwalin filogi ya rubuta su da biro. Ya ce lambar ita kaɗai ba ta dame shi ba, tazarar ce abin dubawa, lafiyayyen inji bai kamata silinda ta bar 'yar'uwarta da fiye da kamar kashi 10 cikin ɗari ba. Kuma da biyu ne maƙwabtan juna suka faɗi tare da gasket zai fara zargi.

Abin da ya fi burge ni shi ne na gaba. Ya ɗiga baƙin mai kamar cokali ɗaya a ta ukun ya sake aunawa, ya ce in ringi ne ya cinye, man zai toshe kafar na ɗan lokaci allura ta ɗaga sosai. Ba ta ɗaga sosai ba, 100 ta tsaya. Sai ya juya injin da hannu har fistin ta uku ta hau can sama bawul duk a rufe, ya hura mata iskar kwamfiresa, ya ce in zo in saurara da kaina. Mun buɗe murfin baƙin mai, ɗan huci kaɗan wanda ya ce kowane inji na yi. Lagireto ba kumfa. Wajen shan iska shiru. Da na durƙusa a bakin salansa kuwa sai na ji fuuu, har a tafin hannuna nake jin iskar, wallahi nan na gane bawul ɗin hayaƙi ne ba ya rufuwa.

Da ya buɗe murfin sama ya zura filagej, wato siririn ƙarfen auna gibin bawul, ya ƙi shiga, gibin ya tsuke gaba ɗaya. Injin nan da hannu ake saita masa bawul, kuma sai ya huce, ni kuwa tunda na saye ta ban taɓa sa an yi ba. Bawul ɗin hayaƙi ta wajen zama a kujerarsa yake sauke zafi, in bai zauna daidai ba sai ya ƙone. Top, wato kan injin, kawai aka cire, na ga bawul ɗin da idona gefensa ya ɓalle kamar an gatsa. Aka canja shi, aka yi guraindin sauran, sabon gasket, na ce a haɗa da taimin bel tunda an riga an buɗe.

Inda ban ji daɗi ba, kwana huɗu ya ce min sai da motar ta yi tara, wai bawul ɗin da aka fara kawowa daga Fanteka na wani injin Honda ne daban, F22, dole aka mayar, kuma waya ba ya ɗauka sai ka je da ƙafarka. Wajen ba rumfar kirki, yaran ma sun bar min giris a kujera. Amma kuɗin aunawar bai kai na rabin tanki ba, kuma kafin ya miƙo min makulli ya sake ɗaura gejin a gabana, ta uku ta ba da 185. Ya ce in dawo bayan ta ɗan yi tafiya ya sake duba gibin, ranar Asabar zan mayar masa da ita in sha Allah.