User Role Editor: Yadda Muka Raba Makullan Shagonmu na Intanet a Kantin Kwari

Duk wanda ya taɓa zama a shago a Kantin Kwari ya san cewa makullin ƙofa daban yake da makullin sito, kuma babu mai dukiyar da zai miƙa wa sabon yaron shago makullin akwatin kuɗi a ranar da ya kama aiki. Amma da muka buɗe shafin sayar da atamfa da shadda da leshi a intanet, sai muka manta da wannan ƙa'idar gaba ɗaya. Wanda ya gina mana shafin a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, da WooCommerce, wadda ke mayar da shafin shago, ya buɗe mana asusu guda ɗaya mai cikakken iko, ya rubuta kalmar sirri a bayan takardar rasit, mu huɗu muka ci gaba da shiga da ita har tsawon watanni. Saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah, lokacin da ciniki ya fi zafi, ɗaya daga cikin yaranmu yana neman inda zai saka hoton sabon kaya sai ya kashe manhajar karɓar kuɗi ba da saninsa ba, kuma ba mu farga ba sai da wata mai saye daga Abuja ta kira bayan la'asar tana tambayar dalilin da ya sa katinta ya ƙi wucewa. Wannan ne ya kai ni ga User Role Editor, wata manhajar ƙari ta WordPress mai raba wa ma'aikata iko a shafi, wadda yanzu na yi kusan shekara ina aiki da nau'inta na kyauta.

Kafin a gane amfaninta, sai an gane yadda WordPress ke raba iko. Tun daga fitowa ta 2.0 a ƙarshen 2005, tsarin ya ginu ne a kan matsayi da izini. Akwai matsayi biyar a shafi na yau da kullum: shugaban shafi mai iko da komai, edita mai iko da rubutun kowa, marubuci mai wallafa nasa kaɗai, mai ba da gudummawa wanda zai rubuta amma ba zai wallafa ba kuma ba zai ɗora hoto ba, sai mai rajista wanda ba shi da iko sai a kan bayanan kansa. Kowane matsayi tarin izini ne kawai, kuma duk manhajar ƙari da aka jona wa shafin tana iya bayyana nata sabon matsayin da nata izinin. WooCommerce, alal misali, tana ƙara matsayin mai saye da na manajan shago. Matsalar ita ce WordPress ba ta ba mai shafi wurin da zai ga waɗannan izinin da idonsa, balle ya gyara su, sai dai idan ya iya rubuta lambobin manhaja.

Wannan giɓin ne User Role Editor, wadda Vladimir Garagulya ya rubuta, ta zo ta cike, kuma ta cike shi da kyau. Da zarar an kunna ta, sai a sami sabon shafi a ƙarƙashin sashen masu amfani, inda za a zaɓi matsayi daga sama, izininsa duka su jeru a tsakiya kowanne da ɗan akwatin sa alama, a gefen hagu kuma an karkasa su rukuni-rukuni. Ranar da na fara buɗe matsayin manajan shago na daɗe ina kallon allon, domin a nan na ga cewa wanda na ɗauka mai kula da oda ne kawai yana da ikon taɓa saitin shagon baki ɗaya, da ƙirƙirar takardun rangwame, da duba rahoton ciniki. Akwai maɓallin da ke juya sunayen izinin zuwa Turanci mai ɗan sauƙin karantawa, akwai kuma wurin bincike, wanda da an rubuta kalma ɗaya yake tace jerin nan take.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙirƙirar sabon matsayi ta hanyar kwafar wani da ke akwai sannan a rage masa. Na yi wa yaron da ke ɗaukar hoto matsayin da na sa wa suna Mai Saka Kaya. Na ba shi izinin ɗora hoto da na rubuta sabon kaya, na hana shi izinin wallafawa da na gyara abin da aka riga aka wallafa. Yanzu idan dila ta iso daga sito, ya ɗauki hotunan turamen, ya rubuta launi da yawan yadi da farashi, kayan suna tsayawa ne a layin jiran dubawa har sai ni ko Baffa mun amince. Na zaɓi wannan hanyar ne saboda WooCommerce ba ta ware izinin farashi daban ba, wato duk wanda zai iya gyara kaya zai iya sauya kuɗinsa, kuma a kasuwar da farashi ke motsawa da dala wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ke kai kaya tasha kuwa na ba shi izinin oda kaɗai, tunda shi ne yake buƙatar lambar waya da adireshin mai saye. Ya kamata 'yan kasuwa su tuna cewa tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko ba don doka ba, lambar matar aure da ta sayi lefe amana ce da bai kamata kowane yaro ya riƙa gani ba.

Da na nuna wa Baffa tsarin, sai ya gyara tabarau ya ce, "To, ni wane makulli ka bar mini?" Na ce, "Baffa, naku ne babban, amma ina roƙon ku riƙa shiga da na manaja a kullum, babban kuma a ajiye shi sai da dalili." Ya yarda ba tare da gardama ba, domin haka yake yi da takardun shago.

Akwai iyaka da ya wajaba mai niyyar amfani da ita ya sani, kuma mafi girmanta ba daga manhajar take ba. Ba za ta iya raba abin da mai manhajar ƙari bai raba ba tun farko. Manhajoji da yawa ba sa bayyana izininsu na kansu, sai su jingina komai a kan izini guda mai suna manage_options, wanda shi ne ke buɗe babban saitin shafi. Muna da wata ƙaramar manhajar lissafin kuɗin aike da aka gina haka, kuma babu yadda zan bar yaro ya gyara kuɗin mota zuwa Maiduguri ko Legas ba tare da na buɗe masa saitin shafin duka ba, don haka har yau ni nake yin wannan aikin da kaina. Tun daga nan na sauya yadda nake zaɓar manhaja: ina fara gwada ta a kwafin shafin, in buɗe jerin izini in ga ko ta ƙara nata, idan ba ta ƙara ba sai in nemi wata.

Wani abin da ya ci mini rabin yini kafin in gane shi shi ne cewa WooCommerce tana mayar da duk wanda ba shi da izinin rubutu, ko na sarrafa shago, ko view_admin_dashboard, wato izinin ganin allon gudanar da shafi, zuwa shafin mai saye idan ya yi ƙoƙarin shiga wannan allon. Saboda haka sabon matsayi yana iya zama daidai a ido, amma mai shi ya kasa shiga ciki sai an ƙara masa wannan na ƙarshen. Haka kuma gyaran da aka yi yana zama ne a rumbun bayanan shafin, ba ya gushewa don an kashe manhajar, kuma maɓallin mayar da komai asali yana share har izinin da sauran manhajoji suka ƙara. Marubucinta ya sa gargaɗi a wurin, ya kuma ɓoye matsayin shugaban shafi daga gyara sai an nema da gangan, amma duk da haka kada kowa ya taɓa wannan maɓallin bai ajiye kwafin rumbun bayanansa ba.

Ga shago mai ma'aikata uku zuwa goma, nau'in kyauta ya wadatar, kuma ban ga buƙatar sayen na kuɗi ba tukuna. Wanda bai saba da Turancin kwamfuta ba zai buƙaci wanda zai zauna da shi sa'a ɗaya ko biyu a ranar farko, kuma ya kyautu a buɗe asusun gwaji a shiga da shi ta wata waya daban bayan kowane gyara, don a tabbatar da abin da ma'aikaci yake gani da gaske. A watan jiya ɗaya daga cikin yaranmu ya koma karatu, na cire masa matsayi cikin ƙasa da minti ɗaya, ban sauya kalmar sirrin kowa ba, sauran kuma suka ci gaba da aikinsu.