Ukaimedan ko Gemmi: Ina Ya Fi Dacewa da Hoton Tsuntsayen Dutse a Hunturu?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya kamata ka zaɓa tsakanin Ukaimedan ta Maroko da mashigin Gemmi na Suwizalan, tunda tafiya ɗaya za ka iya yi a watan Fabrairu kuma ba ka taɓa ɗaukar hoto cikin dusar ƙanƙara ba.

Ukaimedan tana kan duwatsun Atlas, tsayin kimanin mita 2,600, kuma daga Marakesh mota za ta kai ka har can. Idan ƙanƙara ta rufe tuddai, ƙananan tsuntsaye kan sauko neman abinci kusa da wurin ajiye motoci. Nan ake ganin wani ƙaramin tsuntsu mai jan fiffike da ake zuwa daga nesa dominsa, da wani mai baƙin gashi a kai kamar ƙaho biyu, da garken hankakin dutse masu jan baki da masu rawaya. A ƙasa suke kiwo, don haka mai koyo yana da sararin durƙusawa ya daidaita kyamararsa a natse.

Gemmi kuwa motar igiya (akwatin ɗaukar mutane da ke rataye a kan waya) ake hawa daga garin Loikabad, kuma abin da ke jan mutane shi ne ungulu mai gemu, wadda ƙashi ne yawancin abincinta, faɗin fikafikanta kuma ya haura mita biyu da rabi. An taɓa ƙarar da ita a duwatsun Alps, inda Gemmi take, sai a 1986 aka fara mayar da ita. Takan bi iskar da ke tasowa jikin dutsen ta wuce daidai idon mutum, amma wucewar ta 'yan daƙiƙoƙi ce, bayan jiran sa'o'i cikin iska mai ratsa ƙashi, kuma wanda hannunsa bai saba bin tsuntsu a sama ba, yana iya komawa da hotuna masu dishi-dishi. Ga tsadar masauki, ga neman bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai.

A duka wuraren farin ƙanƙara yana ruɗin kyamara ta duhunta hoto, sai ka ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu, ka kuma ajiye batir na biyu a aljihun ciki domin sanyi yana saurin cinye shi.

Shawarata ka fara da Ukaimedan, ka isa da sassafe a ranar aiki kafin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara su cika wurin, ka bar Gemmi sai hannunka ya faɗa.