Kafin Ka Sayi Makunnin Kariya Don Tsohuwar Motar Yankan Ciyawa

Motar yankan ciyawa da ake hawa ba ta yawaita a Sakkwato ba, amma ana ganinta a filayen ƙwallo, da harabar manyan makarantu, da otal-otal, kuma galibinta ta hannu ce da aka shigo da ita daga Amurka ko Turai, irin su John Deere, Husqvarna, MTD da Craftsman. Aikinta na damina ne, daga Yuni zuwa wajen Oktoba, daga nan sai a ajiye ta a rumfa ta sha ƙurar hunturu da zafin bazarar da ke haura digiri 40. Idan ruwa ya sauka, ciyawa ta taso, aka murɗa makulli motar ta ƙi tashi, akan ɗora laifin a kan makunnan kariya, kuma sau da yawa kuɗi kan tafi wurin sayen abin da lafiyarsa ƙalau.

Makunnan da suka fi muhimmanci uku ne: na ƙarƙashin kujera, wanda ke tabbatar da cewa akwai mutum a zaune, da na birki, da na sandar da ke sa wuƙaƙe juyawa. Wasu motocin suna da na huɗu mai lura da ribas. A yawancin tsofaffin samfura, wutar da ke fitowa daga makulli sai ta ratsa makunnin birki da na wuƙa kafin ta isa solanoid, wato na'urar da ke sakar wa kik wutar batir don ya juya injin, saboda haka idan ɗayansu ya mutu ba za a ji ko ƙaras ba. Na kujera kuwa yakan kashe wutar fulogi ne, shi ya sa alamarsa daban ce: injin ya tashi lafiya, amma da an saki birki ko an sa wuƙa sai ya mutu. Idan ana jin ƙas-ƙas amma kik bai juya ba, wuta ta riga ta wuce makunnan, sai a koma kan batir da solanoid. Batir mai cikakken caji yana nuna bolt 12.6, kuma wanda ya yi wata bakwai a ajiye cikin zafin Sakkwato da wuya ya kai haka. A duba fis ma, wanda yawanci mai lamba 15 ko 20 ne, a kuma bi wayoyi da ido, domin ɓeraye na son kwana a ƙarƙashin kujera.

Abin da ya fi cancanta a fara saya shi ne ƙaramar mitar gwajin wuta, ko a kira rewaya ya zo da tasa. Ana zare soket ɗin makunnin, a ɗora bakunan mitar a kan ƙafafunsa, a danna maɓallin a saki. Makunni mai lafiya karatunsa yana canzawa duk lokacin da aka danna. Wanda karatunsa bai motsa ba, ko yake kawowa yana ɗaukewa, shi ne ya gaza.

Zaɓi mafi arha shi ne gyara makunnin da ke jikin motar, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yanayinmu, domin abin da ke kashe makunni a nan ƙura ce da tsatsa, ba yawan aiki ba. A goge ƙafafun, a fesa maganin wanke kayan wuta, a matse soket ɗin da ya yi sako-sako. A wasu lokuta ma ƙarfen da ke danna maɓallin ne ya lanƙwashe, ko soson kujerar ya lotse har nauyin mutum bai isa ga makunnin ba, kuma sabon makunni ba zai magance wannan ba. Amma idan robar makunnin ta tsage saboda rana, ko ƙura ta shige ciki, gyaran ba zai kai ƙarshen damina ba.

Orijina na kamfanin motar shi ne mafi tsada kuma mafi wuyar samu, domin sai an aika Legas ko an yi oda daga waje, a jira makonni ciyawa na ta tsawo. Amfaninsa shi ne yana shiga gurbinsa ba tare da yanke waya ba. Makaranta ko otal da ke da direba fiye da ɗaya gara su bi wannan hanya, su ma sayi biyu a ajiye ɗaya. Tsakanin orijina da jabu akwai kayan kamfanonin da suka ƙware wajen yin madadi, kamar Stens, Rotary da Oregon, waɗanda ke rubuta lambar orijinan da kayansu ke maye wa gurbi a jikin leda. Ga mai mota ɗaya a gida, wannan ya wadatar. Wanda ake tsoro shi ne marar suna da marar lamba, wanda mai shago zai ce ai duk ɗaya ne.

Ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne aka fi yin asara. Makunni biyu kan yi kama a ido, amma ɗaya yana haɗa wuta idan an danna shi, ɗayan yana yanke ta. Wani ƙafa biyu gare shi, wani huɗu, kuma a mai huɗun kowace biyu aikinsu daban. Haka makullin tayarwa yake: na injin da ke samar da wutar fulogi da kansa ya bambanta da na injin da ke ɗaukarta daga batir, kuma idan aka sa wanda ba nasa ba, wutar batir na iya shiga kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ta ƙona shi nan take. Saboda haka lambar da ake buƙata ita ce ta jikin motar, wadda ke kan takardar da ke ƙarƙashin kujera ko a jikin firam, ba lambar injin Briggs & Stratton ko Kohler ba, domin makunnan ba na kamfanin injin ba ne.

Na hannu da aka ciro daga matacciyar mota, irin wanda akan samu a kasuwar Ladipo da ke Legas, orijina ne amma shekarunsa ɗaya da wanda ya lalace. Kada a biya sai an gwada shi da mita a gaban mai sayarwa.

Saura shawarar da bakanike ya fi saurin bayarwa, wato a tsallake makunnin a haɗa wayoyin dairek a huta. Ƙa'idar masana'antun Amurka ta yarda bakin wuƙar ya yi gudun da ya kai ƙafa 19,000 a minti ɗaya, fiye da kilomita 300 a awa ke nan, kuma makunnin kujera ne kaɗai ke tsayar da ita idan direba ya faɗo, ko ya sauka ya ɗauke dutse alhali yara na wasa a filin. Ko ta fuskar gyara ma dabarar ba ta cika yin aiki ba, domin a wasu samfuran an sa wani ɗan ƙarfe a cikin soket ɗin kujera da ke haɗe wayoyin da kansa da zarar an zare shi, sai injin ya ƙi ba da wuta gaba ɗaya, a shiga canza kwayil da fulogi a banza. Mai aikawa Legas ya ɗauki hoton takardar lambar, da na tsohon makunnin ta gefen ƙafafunsa, ya kuma faɗa wa mai sayarwa abin da mita ta nuna lokacin da aka danna da lokacin da aka saki.